Cat Stevens da Yusuf Islam: Suna Biyu, Jita Guda

Idan ana lissafin shahararrun mutanen Yamma da suka karɓi Musulunci, a majalisa ne ko a wajen wa'azi, da wuya a ambaci uku ba a sako Yusuf Islam ba. Labarin kuma gajere ne yadda aka saba ba da shi. Wani mawaƙin Ingila ne mai suna Cat Stevens, duniya ta ba shi duk abin da ransa ke so, ya shiga teku ya kusa halaka, Allah ya kuɓutar da shi, ya musulunta, ya watsar da kiɗa. Sai a yi kabbara a wuce. Turawa ma suna da nasu gajeren labarin, na takaici: haziƙin mawaƙi ne addini ya ɗauke musu. Duka ɓangarorin biyu a shekarar 1977 suke ajiye alƙalami. Alhali mutumin yana nan da ransa, kuma a watan Yunin 2023, yana da shekara 74, ya hau dandamalin Glastonbury, bikin kiɗa mafi girma a Birtaniya, da farin gemunsa da jita a rataye, ya rera wa dubban mutane waƙoƙin da aka ce ya binne tun tuni.

Wannan dawowa ita ce ta ɓata wa kowa lissafi. Mai wa'azin da ya saba kafa hujja da shi, cewa ga wanda ya san kiɗa ciki da bai ya guje shi, yanzu ba ya son a kai ƙarshen labarin. Baturen da ya ce addini ya kashe masa mawaƙi shi ma ya rasa ta cewa, don mutumin ya dawo ne da sallarsa da sunansa Yusuf. Ni a ganina kuskure ɗaya suka yi, sun ɗauka mutum biyu ne, wani ya mutu wani ya tashi. Wanda ya bi rayuwar a tsanake zai ga cewa ba fatawa ce kaɗai ta raba shi da jita ba. Tun bai san inda alƙibla take ba yake neman ƙofar da zai tsere wa kasuwar da ke sayar da shi.

Sunan da iyayensa suka raɗa masa Steven Demetre Georgiou, kuma an haife shi a Landan ranar 21 ga Yulin 1948. Mahaifinsa mutumin tsibirin Saifurus ne daga ɓangaren Girkawa, mabiyin cocin Otodoks. Mahaifiyarsa 'yar Suwidin ce mai bin ɗarikar Baftis. Shi kuma yaron aka sa shi makarantar Katolika. Ga gida ɗaya da coci uku. Iyayen suna da gidan abinci a titin Shaftesbury, tsakiyar unguwar gidajen wasan kwaikwayo na Landan, a saman shagon suke kwana, yaran kuma su ne masu ɗaukar faranti. Taku kaɗan daga nan akwai titin Denmark, inda dillalan waƙa ke da ofisoshi, ana saye da sayar da baitoci kamar yadda ake cinikin atamfa a Kantin Kwari. Wato yaron ya san waƙa haja ce tun kafin ya san ta a matsayin fasaha. Iyayensa sun rabu yana ɗan shekara takwas. Da ya kai sha biyar, lokacin da zazzaɓin mawaƙan Beatles ya kama samarin Ingila, ya matsa wa mahaifinsa ya saya masa jita ta fam 8. Da farko zane ya so ya zama sana'arsa, har ya shiga makarantar zane ta Hammersmith, kuma wannan hannun bai bar shi ba: shi ya zana bangon manyan faya-fayansa daga baya.

Sunan Cat, wato kyanwa, dabarar kasuwa ce zalla. Ya lura babu wanda zai shiga kanti ya iya furta Demetre Georgiou, wata budurwarsa kuma ta taɓa ce masa idanunsa irin na mage ne. Ke nan sunan da masoyansa suka yi ta kuka a kansa daga baya shi ma aro ne. A 1966 furodusa Mike Hurst ya ɗauke shi, farkon 1967 kuma waƙarsa "Matthew and Son" ta kai ta biyu a jerin faya-fayan da suka fi kasuwa a Birtaniya. Yana ɗan shekara 18 aka sa masa kwat mai ƙyalli, aka haɗa shi yawon wasa da Jimi Hendrix da Engelbert Humperdinck.

A nan sai an ɗan tsaya a fahimci yadda kuɗin waƙa ke gudana a can, don shi ne mabuɗin rabin labarin. A wajenmu makaɗi shi ke ƙirƙirar waƙarsa shi ke rerawa, wannan ba sabon abu ba ne, amma abincinsa a hannun ubangida yake, ko a liƙin da aka yi masa a fili. Ranar da ya daina fita, ranar aljihu ya fara bushewa. A Turai waƙa dukiya ce mai takarda, kuma haƙƙinta kashi biyu ne. Akwai haƙƙin naɗin muryar da ke kan faifai, wanda yawanci kamfani ke riƙewa. Akwai kuma haƙƙin wanda ya tsara baitocin da karin. Duk lokacin da gidan rediyo ya sa waƙar, ko aka saka ta a fim, ko wani mawaƙi ya sake rera ta, sai an biya wanda ya tsara ta, ko yana barci ko ya yi ƙaura. Shi ya sa wanda ke rubuta waƙarsa da kansa ya fi mai murya kawai ƙarfi nesa ba kusa ba. Cat Stevens tun yana yaro ya ba mawaƙiya P.P. Arnold waƙarsa "The First Cut Is the Deepest" a kan fam 30. Shekara goma bayan nan Rod Stewart ya kai ta ta ɗaya a Birtaniya, a 1977, shekarar da mai ita ya yi kalmar shahada. A 2003 Sheryl Crow ta sake tayar da ita a Amurka. Duk wannan zagaye sunan mutum ɗaya ne a kanta.

Tashen farko bai daɗe ba. Faifansa na biyu bai yi kasuwa ba, ga shaye-shaye da rashin barci irin na yawon wasa, sai tarin fuka ya kwantar da shi, huhu ɗaya ya lotse. Bai kai shekara 21 ba aka kai shi asibitin King Edward VII da ke Midhurst, rai a hannun Allah. Ya yi watanni a kwance yana kallon ana fitar da gawar maƙwabtan gadonsa, sannan ya shafe kusan shekara yana jinya a gida. Masu ba da labarin musuluntarsa sukan tsallake wannan asibitin su tafi kai tsaye bakin teku, amma a nan aka fara. A nan ya fara karanta littattafan addinin Buddha da na zuzzurfan tunani, ya daina cin nama, ya bar gemu, ya rubuta waƙoƙi kusan 40 waɗanda ba su yi kama da na baya ba ko kaɗan. Kuma abin da ya fara yi da ya miƙe shi ne neman hanyar warware kwantiraginsa da kamfanin da ya ɗaukaka shi. Wannan ita ce gudunsa ta farko, shekara kusan goma kafin wadda aka fi sani.

Ya koma Island Records na Chris Blackwell, mutumin da daga baya ya fito da Bob Marley ga duniya. Furodusa Paul Samwell-Smith ya share masa tarkacen ƙahonni da gogen da aka cika wa waƙoƙinsa na farko, aka bar murya da jita biyu, tasa da ta Alun Davies, da ɗan fiyano. Cikin wata goma sha takwas, daga 1970 zuwa 1971, ya fitar da faifai uku da har yau a kansu sunansa yake tsaye: Mona Bone Jakon, Tea for the Tillerman, da Teaser and the Firecat. Na 1972, Catch Bull at Four, ya yi mako uku a matsayi na ɗaya a Amurka.

Me ya sa suka shiga zuciyar mutane haka? Lokacin yaƙin Biyetnam ne, samarin Yamma sun gaji da ihun shekarun 1960, ga wani mai sanyin murya yana tambayar abin da ke damunsu a ɓoye. Amma abin lura shi ne jigon waƙoƙin. Soyayya tana ciki, sai dai ba ita ta fi yawa ba. Mafi yawansu na matafiyi ne da ya bar gida yana neman abin da bai san sunansa ba, na mutumin da ke tsoron mutuwa, na wanda ke tambaya ina yara za su yi wasa in an shafe ƙasa da kwalta. "Morning Has Broken", wadda ta zagaye duniya da muryarsa, asalinta waƙar coci ce da Eleanor Farjeon ta rubuta a 1931, ya tsinto ta a littafin waƙoƙin ibada. Sunan Catch Bull at Four daga wani darasin 'yan Buddha ya ɗauko shi, na mai neman bijimin da ya ɓace. Faifan 1974 da sunan Buddha a jikinsa, na 1975 kuma a kan sirrin lambobi aka gina shi. Mutumin yana ta ɗanɗana addinai a bainar jama'a, ana saye ana tafi, babu wanda ya ɗauka da gaske yake. Da ya samu abin da yake nema sai aka ce ya canja. Wanda ya saurari faya-fayan a jere ya san bai canja hanya ba, ƙarshenta ya kai.

"Father and Son", wato uba da ɗa, ita ce ta fi nuna gwanintarsa ta tsara waƙa. Asali don wani wasan kwaikwayo a kan juyin juya halin Rasha ya rubuta ta, wasan bai tabbata ba. Uba yana lallashin ɗansa ya zauna, ya natsu, ya yi aure, ɗan yana cewa shi dai tafiya ta kama shi. Cat Stevens shi ya rera bakin mutum biyun, ya kwantar da murya ya zama uba, ya ɗaga ta ya zama ɗa. Kuma bai ba kowa gaskiya ba, nan ƙarfinta yake.

A tsakiyar shekarun 1970 ya gaji. Wasanninsa sun koma manyan filaye, kamfani na jiran faifai duk shekara, ya koma zama a Riyo ta Birazil don kauce wa harajin Birtaniya, wanda a lokacin ya kai kashi 83 cikin ɗari ga masu samu da yawa. Faya-fayan wannan zangon ba su kai na baya ba, kuma duk mai kunne ya ji hakan. A cikin wannan hali ne ya shiga iyo a gaɓar Malibu ta Kalifoniya, igiyar ruwa ta ja shi ciki. Kamar yadda ya sha bayarwa, ya yi wa Allah alkawarin in ya tsira zai yi masa aiki, sai wata igiyar ta turo shi gaɓa. Ba a daɗe ba yayansa, wanda ya dawo daga ziyara a Ƙudus, ya ba shi fassarar Alƙur'ani. Ya shafe fiye da shekara yana karantawa shi kaɗai, ba malami ba aboki. Ranar 23 ga Disambar 1977 ya je babban masallacin Landan da ke Regent's Park ya yi shahada.

Sunan da ya zaɓa a 1978 ya fi duk wata hira da ya yi bayyana abin da ke ransa. Suratu Yusuf ce ta fi girgiza shi, kuma ya faɗi dalili: labarin wanda aka kai kasuwa aka sayar. Yaron da ya tashi kusa da titin Denmark ya ga kansa a cikin ayar da ta ce sun sayar da shi da 'yan kuɗi ƙididdigaggu. Abin da ya koro ɓera daga rami ya faɗa wuta, an ce ya fi wutar zafi.

To shin Musulunci ne ya hana shi kiɗa? Abin da shi da kansa ya faɗa ya fi abin da ake yaɗawa sarƙaƙiya. Limamin da ya fara tambaya ya ce masa ya ci gaba da sana'arsa muddin baitocin ba su saɓa wa tarbiyya ba. Wasu kuma suka ce masa haramun ne gaba ɗaya. Shi sabon shiga ne, ba shi da ilimin da zai auna hujjoji, sai ya bi hanyar da ta fi kuɓutar da shi daga shakka. Ya cika alkawarin faifai ɗaya da kamfani ke bin sa, Back to Earth, a ƙarshen 1978. Ya yi wasan bankwana a Wembley a Nuwambar 1979 don tallafa wa asusun yara na UNICEF, ya yi aure a shekarar, daga baya ya yi gwanjon jitocinsa ya ba da kuɗin sadaka.

Saɓanin da ya faɗa ciki tsoho ne, kuma Bahaushe ya fi Bature saurin gane shi, saboda harshenmu ya raba waƙa da kiɗa, kalma biyu ce ba ɗaya ba. Ba a kan waƙa ake faɗan ba. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da 'yarsa Nana Asma'u da waƙa suka karantar da jama'a, kuma mutanen Madina da waƙa suka yi wa Annabi maraba. Rigimar a kan kayan kiɗa take. Mafi yawan malaman mazhabobi huɗu sun tafi a kan hana su, ban da duffi a biki da idi. Suna kafa hujja da hadisin da ke cikin Buhari a kan mutanen da za su halatta kayan kiɗa, da kuma fassarar da Ibn Mas'ud ya yi wa aya ta shida a Suratu Luƙman. A ɗaya gefen akwai Ibn Hazm na Andalus, wanda ya soki ingancin hadisan hanin, akwai Imam Gazali da ya ware babi guda a Ihya'u yana bambance sauraron da ke gyara zuciya da wanda ke ɓata ta, a zamaninmu kuma Yusuf Ƙardawi ya halatta da sharuɗɗa. Mu ma a nan ba a gama wannan muhawara ba, tsakanin masu bandiri da masu ganin ko shi bai halatta ba. Saurayin da ya musulunta jiya a Landan ba shi ne zai raba gardamar shekara dubu ba. Amma ina ganin ya yi saurin karɓar ra'ayi mafi tsanani ne saboda ya zo daidai da abin da zuciyarsa ke so. Yana neman hanyar fita, sai ga ƙofa a buɗe, kuma ƙofa mai daraja.

Sai dai shi ya bar kiɗa, kiɗa bai bar shi ba. Saboda tsarin haƙƙin mallakar nan, tsofaffin waƙoƙin sun ci gaba da zubo kuɗi shekara da shekaru. A 2007 shi da kansa ya ƙiyasta abin da suke kawo masa ya kai dala miliyan ɗaya da rabi a shekara. Da irin wannan dukiya ya kafa makarantar firamare ta Islamia a arewacin Landan a 1983, ya shiga cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar agaji ta Muslim Aid a 1985. Makarantar ta zama fagen gwagwarmaya, domin gwamnatin Ingila ta daɗe tana ɗaukar nauyin makarantun Angilika da na Katolika da na Yahudawa, amma ta yi ta ƙin amincewa da na Musulmi. Sai a 1998, zamanin Tony Blair, aka amince da Islamia tare da Al-Furqan ta Birmingham, su ne na farko. Wannan nasara ce ta gaske, kuma in za a yi adalci ta fi wasu faya-fayansa amfani. Amma akwai tambayar da masu kafa hujja da shi ba sa son a yi: yaran da suka koyi alifun ba'un a waɗannan azuzuwa, da kuɗin me aka saya musu benci?

Shekarar 1989 ita ce tabon da bai goge ba. Bayan fatawar kisa da Ayatullahi Khumaini ya yanke wa marubuci Salman Rushdie a watan Fabrairu, saboda littafinsa da aka zarga da ɓatanci ga Annabi, ɗalibai a kwalejin Kingston suka tambaye shi ra'ayinsa, ya amsa da cewa hukuncin ɓatanci ga Annabi a shari'a kisa ne. Jaridu suka buga cewa Cat Stevens ya ce a kashe Rushdie. Washegari ya fitar da sanarwa cewa shi bai goyi bayan kowa ya ɗauki doka a hannunsa ba, abin da ke cikin littattafan fiƙihu kawai ya faɗa. Da a nan ya tsaya da sauƙi. Amma bayan 'yan watanni, a wani shirin talabijin da lauya Geoffrey Robertson ke gabatarwa, aka tambaye shi ko zai halarci zanga-zangar ƙona mutum-mutumin marubucin, ya ba da amsar da ke nuna ya fi son a ce mutumin ne da kansa. Daga baya ya ce baƙar raha ce irin ta Ingilishi, kuma an yanke shirin yadda zai munana shi. Gidajen rediyon Amurka da dama suka daina sa waƙoƙinsa, wani mai gabatar da shiri a Los Angeles ya sa motar daɓe titi ta bi ta kan faya-fayansa, ƙungiyar mawaƙa ta 10,000 Maniacs ta cire waƙarsa "Peace Train" daga faifanta. Shekara da shekaru yana nanata cewa bai taɓa goyon bayan fatawar ba, Rushdie kuma bai taɓa karɓar wannan bayani ba.

Ban ga amfanin wanke shi tas ba. Raha da ran mutumin da ke ɓoye don tsoron kisa ba raha ba ce, kuma bayanansa na baya sun fi kama da na wanda ke kare kansa fiye da na wanda ya ce na yi kuskure. Amma akwai laifin da ba nasa ba. Al'ummar Musulmin Birtaniya a lokacin ba ta da fuskar da Turawa suka sani, sai aka tura shi gaba, aka mai da tauraro mufti. 'Yan jarida kuma sun san amsar limamin unguwa ba ta sayar da jarida, ta tsohon Cat Stevens ce ke sayarwa. Wato kasuwar da ya gudu dominta ta biyo shi har cikin masallaci, wannan karon rawaninsa take sayarwa.

Komawarsa ga waƙa a hankali ta zo, kamar mai taka ƙaya. A 1995 ya fitar da faifan tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, magana ce zalla sai 'yan waƙoƙi da murya da duffi, ciki har da Ɗala'al Badru. Yaƙin Bosniya ya ƙara tura shi. Ministan harkokin wajen ƙasar, Irfan Ljubijankić, likita ne mai tsara waƙa, ya ba shi kaset ɗin wata waƙarsa, ba a daɗe ba aka harbo jirgi mai saukar ungulu da ministan ke ciki a 1995, ya rasu. Yusuf ya ga yadda Musulmin Sarayebo, Turawa irinsa, suke riƙe da waƙa a cikin ƙawanya kamar yadda suke riƙe da burodi, ya fitar da faifai don tunawa da mamacin a 1998. A 2000 ya fitar da A Is for Allah, wanda ya samo asali daga 'yar waƙar da ya yi wa 'yarsa ta fari don koya mata haruffan Larabci. Da yawa daga Musulmin Afirka da Asiya ta wannan faifan suka san shi, ba su taɓa jin tsohuwar waƙarsa "Wild World" ba.

Jitar kuwa ɗansa ne ya shigo da ita gida, farkon shekarun 2000. Ya ce wata safiya kowa na barci ya ɗauke ta, yatsunsa suka tuna inda suke sauka. Ya koma ya karanta saɓanin malamai da idon wanda ya shekara ashirin a cikin addinin, ya gamsu cewa mas'alar ba a rufe take ba. Yakan kuma tuna wa mutane cewa ta hannun Musulmin Andalus garayar Larabawa, al'ud, ta shiga Turai. Wannan tarihi ne ingantacce, ko da yake tarihi ba ya zama hujjar fiƙihu, kuma masu sukarsa sun faɗa masa haka. Akwai wani dalilin da ya fi wannan nauyi. Bayan harin 11 ga Satumbar 2001, wanda ya fito ya la'anta nan take, ya ga cewa lacca ba ta isa kunnen Bature, amma waƙa tana isa.

Sai ga abin da ya faru ranar 21 ga Satumbar 2004. Yana cikin jirgin United daga Landan zuwa Washington aka karkatar da jirgin zuwa Bangor ta jihar Maine, aka sauke shi, aka mayar da shi Ingila, wai sunansa na cikin jerin waɗanda ake zargi. Sakataren harkokin wajen Birtaniya Jack Straw ya kai ƙorafi wajen takwaransa Colin Powell. Bayan wata biyu aka ba shi lambar zaman lafiya a Rum daga hannun Mikhail Gorbachev. Jaridun The Sun da Sunday Times da suka danganta shi da ta'addanci sun biya shi diyya, ya ba marayun ambaliyar tsunami. A ƙarshen 2006 ya shiga Amurka ba wanda ya tare shi, a daidai lokacin da ya fitar da An Other Cup, faifansa na farko da cikakken kiɗa cikin shekara 28.

Gaba kura baya sayaki. Wasu Musulmin da suka ɗauke shi tuta suka ce ya koma wa abin da ya tofar, har sai da ya rubuta ɗan littafi a 2014 yana bayyana dalilin da ya sa yake riƙe da jita. Wasu Turawan kuma ba su yafe 1989 ba, duk inda ya hau dandamali sai an tono. Game da sababbin faya-fayan, gaskiya ita ce babu wanda ya kama ƙafar na 1970 da 1971. Muryar ta yi kauri, tana da daɗi, amma mai neman abu ya fi wanda ya samu iya waƙa, ƙishirwa ce ke sa murya rawa. Wanda ya fi armashi a cikinsu shi ne na 2014, inda ya koma kiɗan bulus, na baƙar fatar Amurka, da ya so a ƙuruciyarsa, har ya gayyato Tinariwen, Buzayen arewacin Mali, suka saka jitarsu ta hamada. A shekarar ce aka shigar da shi zauren girmamawa na Rock and Roll a Amurka. A Maris ɗin 2019, bayan kisan masallata 51 a masallatai biyu na Christchurch, shi aka gayyata ya rera "Peace Train" a taron makoki na ƙasar New Zealand, waƙar da aka taɓa cirewa daga faifai saboda shi.

Tun daga 2017 sunaye biyun yake rubutawa a bangon faifansa, Yusuf da Cat Stevens, da ɗan layi a tsakani. A 2020, da Tea for the Tillerman ya cika shekara 50, ya fitar da sabon naɗin faifan gaba ɗaya, wanda ya yi tare da Samwell-Smith da Alun Davies, mutanen da suka yi na farkon. Da aka zo kan waƙar uba da ɗa, sai aka tono wani naɗi da aka yi masa a gidan wasa na Troubadour da ke Los Angeles a 1970, aka ɗauko muryar saurayi ɗan shekara 22 ta rera bakin ɗan, mai cewa dole ya tafi. Dattijon da ya kai shekara saba'in kuma ya tsaya gaban makirufo ya rera bakin uban, yana ce wa yaron ya zauna, ya natsu, kada ya yi gaggawa.